Tun da Talabijin Ɗin Baba Ya Yi Shiru

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, Auta ya gama jarrabawa, 'yan biyuna kuwa sun yi wayo har sun fi ƙarfina.

Yaya, ranar da ka kira ka tambayi abin da ya sa gidan ya yi tsit, na kasa ba ka amsa saboda Inna na kusa. Kuɗin tashoshin da Baba ya biya kafin ya kwanta ciwo ne ya ƙare. Tun rasuwarsa kullum Inna kan kunna tashar labaran da yake so, ta bar ta tana ta yi, ko da ba kowa a falo. Wata safiya sai hoton ya ɗauke, gilashin ya koma shuɗi, rubutu ya fito. Auta ya karanta da ƙarfi bai yi tunani ba, ashe sunan Baba ne cikakke, ana roƙonsa ya sabunta. Inna ta ajiye tsintsiya ta zauna a ƙasa.

Auta ya je shagon mai dikoda, wato na'urar kama tashoshin. Mutumin ya ce tunda an rufe layin wayar Baba, sai dai a cire sunansa a sa na wani. Da Inna ta ji, ta ce ba a gidanta za a goge sunan nan ba, kowa ya haƙura da kallo. Haka muka haƙura. Yara sun yi kukan katun ɗinsu sun gaji, yanzu a tsakar gida suke wuni suna gina gidaje da kwalaye. Auta kan tafi shagon aski kallon ƙwallo, ya dawo yana cewa gashin kansa ya kusa ƙarewa, don kunya ke sa shi yin aski duk zuwa.

Amma shirun nan, Yaya, ban san gidanmu na da sauti haka ba. Muna jin ɗigar famfo, muna jin ƙofar ɗakin Baba tana ƙara in iska ta taɓa ta. Bayan la'asar, lokacin da ya saba dawowa daga shago, sai ka ga kowa ya yi kasaƙe yana sauraren ƙyaure, ba wanda ke kallon ɗan'uwansa.

Makon jiya na tarar da Inna tsaye gaban talabijin ɗin a kashe, tsumman goge ƙura a hannunta, ba ta motsi. Ta ce in tsaya inda nake. Wai tana ganin Baba a cikin baƙin gilashin, zaune a kujerarsa a bayanta, hularsa a kan gwiwa, kuma ba za ta waiwaya ba don kada ya tashi. Na leƙa, kujera kawai na gani. Duk da haka, tun ranar in zan ratsa falon ƙasa nake kallo.

Na san za ka ce a je a gyara a huta. Don Allah kada ka matsa mata. Jiya muna wanke-wanke ta faɗa mini abin da ya hana ni sukuni. Ta ce fuskarsa tana nan, amma bai taɓa yi mata magana ba, kuma ta soma manta yadda muryarsa take. Ta yi ta ƙoƙarin tuno yadda yake kiranta, abin ya ƙi zuwa. Yaya, duk cikinmu kai kaɗai ka gaji muryar Baba, har gyaran muryar da yake yi kafin ya fara zance. In ka kira ta, kada ka gaisa a tsaitsaye ka kashe. Ba ta labarin aikinka, ko na maƙwabtanka, ko ma na abin da ka ci. Ka dai yi ta magana, ko da ka ji ta yi shiru.

Ka gaida mini matarka, da takwarar Inna, da Kawu in kun haɗu. Auta da 'yan biyu suna gaishe ka. Allah ya jiƙan Baba, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Maman 'Yan Biyu