Waƙar Wankan Ishaya

Jega, 4 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yata Gudiya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu Ubangijinmu. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da aikin makaranta a Maiyama. Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun Maccido direba. Kin sha kirana a waya ina ɗauka ina huci kamar tsohuwar akuya. Rubutu ne kawai ya rage mini.

Na koma asibiti ranar Litinin. Likita ya ce wurin tiyatar maƙoƙon ya warke sarai, amma murya kada in sa rai. Shekara talatin da ɗaya ina ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinmu, yau ko kaza ba na iya kora daga tabarma sai da tafi.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Babban taron zumunta yana zuwa a watan Afrilu, an ce Jega ta kawo waƙa kamar kullum. Ranar Alhamis mata suka ɗauki tulu da kacau-kacau, suka tsaya suna kallon juna. Amshi kaɗai suka iya. Waƙoƙin da na shirya sun fi sittin, amma babu mace ɗaya da ta riƙe baitocin, don ban taɓa koya wa kowa ba. In wata ta matso, sai in ce ta tsaya ga amshinta. Yanzu na zuba kalmomin a littafin rubutu, amma kari ba ya shiga biro. Waƙoƙin suna nan cikin kaina, ina jin su tsaf, kuma da ni za a binne su.

Ki gai da yara. Ki sa ni a addu'a.

Mahaifiyarki,
Tabita Ishaya

Jega, 1 ga Maris

'Yata Gudiya,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Yaya zafi, yaya jikin ƙaraminku? Zumar da kika aiko ta iso, na gode. Na juya ledar ciki da waje ina neman 'yar takarda, ban samu ba. Ba na ganin laifinki.

Na gwada koya wa matan. Ina buga tulu ina nuna sama da ƙasa da hannu, suna bi suna karkacewa, wasu na ƙunshe dariya a gefen zane. Daga baya shugaba ta ce a bar wa matan Aliero waƙar bana. Ta kyauta, amma har na iso gida ban ga hanya sosai ba.

Ranar Lahadi Fasto ya yi wa'azi a kan gini. Ya ce wani da zinariya yake gina rayuwarsa, wani da kara da ciyawa, kuma akwai ranar da wuta za ta gwada aikin kowa. Ina bencin gaba, inda na saba, da sabon ɗankwalina. Kin san halina, da can sai in waiwaya in ga wa ake nufi. Wannan karon ban waiwaya ba. Na ɗauka Allah nake yi wa gini, ashe sunana nake so a kira a lasifika.

Sai na tuna Ista ɗin da kike da shekara goma sha biyar. Na makara, mata suka ce ki ɗaga waƙa, kika ɗaga. Na shigo na karɓe ta daga bakinki a tsakiyar baiti, na ce a gaban jama'a kin ɓata kari. Gudiya, ba ki ɓata ba. Muryarki ce ta fi tawa daɗi, na ji tsoro. Tun ranar ban sake jin kin rera komai ba, ko wanke-wanke kike yi. Na ci amanarki, kuma na bari sai da bakina ya mutu kafin in faɗa. Ki yafe mini in za ki iya.

Ina durƙusawa addu'a, leɓe na motsi, ban san me zan nuna wa Ubangiji ba in ya tambaye ni aikina.

Mahaifiyarki,
Tabita

Jega, 22 ga Maris

Gudiya tawa,

Ina gaishe ku da kyau, ina fata kowa lafiya. Maccido ya ce ya ba ki takardata hannu da hannu. To, shi ke nan.

Kin tuna Goggo Iklima, maƙwabciyarmu? Tun da na yi shiru take kirana in taya ta gyaran albasar da ɗanta ke kawowa daga gona, wai zaman kaɗaici ba ya magani. Shekaranjiya muna cikin yanke ganye sai na ji tana gunguni da hanci. Wuƙa ta faɗi daga hannuna. Karina ne, daidai, ko gargada babu. Kalmomin kam ba ta furta su, tana riƙe da addininta, nima ban nema ba.

Na yi mata alama da hannu, ina ta samo wannan? Ta ce, "Wagga? Ai ita ta kika yi ma Malam Ishaya kullum da sahe, muna jin ki ta bayan gida." Ta ce duk ranar da hidimar tsohuwar uwarta ta gundure ta, in ta ji ni sai ta tashi ta ɗora ruwa.

Waƙar wankan babanku ce. Shekara bakwai ɗin da marigayin ya yi ɓarin jikinsa a shanye, ita nake yi ina cuɗa masa baya, don kada ya ji kunya, don nima kada in yi kuka. Layi huɗu ne kacal, roƙon ƙarfin yini ɗaya. Ban taɓa kai ta coci ba, ban ma ƙirga ta cikin sittin ɗin ba. Ba don kunnen kowa na yi ta ba, amma ita kaɗai ta tsira. Na zauna cikin albasa ina hawaye, Goggo ta yi kamar albasar ce.

Amma rabi ne ya tsira. Kari yana wurin Goggo. Kalmomin kuwa, ban da ni, mutum ɗaya ya san yadda suke hawa kansa: yarinyar da ke riƙe mini bokiti kowace safiya kafin ta tafi makaranta.

Ba don taro nake roƙo ba, taro ya wuce ni. Ki zo ki rera mini ita sau ɗaya a tsakar gida, yaranki su ji, su tafi da ita. Ban da ikon sa ki, ban kuma da bakin lallashi. Kullum da la'asar ina kan dakali lokacin da motar Maccido ke shigowa.

In kin zo, ki ɗaga ta yadda kika ga dama. Babu mai katse ki.

Mahaifiyarki mai jira,
Tabita