Cokali Shida a Kwalbar Hussaini

Litinin, 3 ga Oktoba, 1966
Na dawo garinmu Ƙarfi daga makaranta. Yaya Ladidi ta rasu wajen haihuwar tagwaye, ɗaya ya bi ta, ta bar mana Hussaini. Gwaggo ke rainonsa da madarar gwangwani. Ɗan firit, kamar ɗan tsako. Har yanzu kuka ya ƙi zo mini.

Laraba, 5 ga Oktoba
Yau na ga yadda Gwaggo ke haɗa madarar, raina ya ɓaci. A jikin gwangwanin an rubuta cokali ɗaya ga kowane layi na kwalba. Kwalbar layi shida ce, ita biyu take zubawa! Kashi ɗaya cikin uku ke nan na ƙarfinta. In ya sha rabi kuma sai ta cike da ruwa, yadda take yi wa tukunyar jiƙonta. Saura cokali ɗaya a ruwan layi shida. Na yi mata bayanin da aka yi mana a darasin kimiyya, cewa ruwa ba ya ƙara abinci, baza wanda ke ciki kawai yake yi. Ta ɗaga kwalbar ta ce, "Ke 'yar boko, ba fara ba ce?" Na daka mata tsawa. Gwaggo fa! Allah ya yafe mini.

Asabar, 8 ga Oktoba
Na karɓe haɗin. Shida cif. Ya sha ya yi barci, har da gyatsa.

Talata, 11 ga Oktoba
Baba ya dawo daga Funtua hannu rabbana. Kantin Benedict, inda muke samun madarar, a garƙame, tun rikicin nan ya kwashe iyalinsa ya yi kudu. Malumfashi ma babu. Nonon akuya gudawa yake sa yaron. Maƙwabciyarmu Shafa'atu ta gwada shayar da shi, nata ko ɗanta ba ya isa. Tsoro nake ji ƙwarai.

Alhamis, 13 ga Oktoba
Cokali ya fara taɓa gindin gwangwani. Na yi lissafin, ba zan rubuta shi ba. Gwaggo ta leƙa gwangwanin ta mayar da murfin, gara ma ta zage ni.

Asabar, 15 ga Oktoba
Yau biyu na zuba. Na cika ruwa har layin shida, don kada kwalbar ta ƙare masa da wuri ya yi ta wannan kukan. Gwaggo na tsaye, ta kau da kai. Na ɗaga kwalbar a hasken bakin ƙofa na duba.

Fara ce dai.