Kwalbar Kindirmon Gwaggo Zlatka

Daga ƙauye, 4 ga Mayu

Zuwa ga ɗan ƙanena Tihomir,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da ƙurar Plovdiv. A takarda nake rubutawa in ɗauki hotonta in turo, yadda ka koya mini, don yatsuna ba sa shiri da ƙananan haruffan wayar nan.

Za ni Fotugal wurin Momchil. Kada ka ɓata bakinka, na riga na yanke. Ranar bikin Ista ya bugo waya, muna cikin hira ya ce, "Inna, kin san na manta ɗanɗanon kindirmonmu? Ina rufe ido in neme shi, babu." Shi dariya ya yi. Ni ranar ban iya cin abinci ba. Ɗan da na haifa, shekara goma sha ɗaya rabonsa da gida.

Ka san yadda irin kindirmon nan yake: cokali guda na kindirmon jiya a cikin madarar yau, haka tun daga kakata. Da gida bakwai ne ke riƙe da shi a ƙauyen nan, idan na wata ya mutu sai ta aiko a ɗebar mata. Tun da maƙwabciyata Rada ta rasu cikin hunturu ni kaɗai na rage, ga babanka ya kafe sai na dawo birni kafin sanyi. Zan kai wa yaron nan irin a kwalba, da ransa. In babu firij, duk kwana uku sai na sabunta shi da madara mai kyau.

Jirgin sama ba zan hau ba. Ina so in ga nisan da ɗana ya yi da idona. Kai da ka je har Indiya da kuɗin da bai isa sayen akuya ba, koya mini yadda ake yi.

Allah ya yi maka albarka.
Gwaggonka, Zlatka

Plovdiv, 6 ga Mayu

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Na karanta wasiƙarki a tsaye, na ƙarasa ta a zaune. Shekara sittin da takwas, za a fara yawon duniya! To, tunda an hana ni magana, ga abin da na sani.

Zan aiko miki da jakar goyona. Ki zube duk abin da kike son ɗauka a kan gado, ki mayar da rabi cikin akwati, ki sha shayi, ki dawo ki sake mayar da rabi. Kaya kala biyu sun isa, ɗaya a jiki ɗaya a kan igiya. Kada ki sayi sabon takalmi, tsohon da ya san ƙafarki shi ne abokin tafiya. Kuma tukunyar nan taki ta ƙarfe ba za ta ba. Na san kin riga kin wanke ta. Gwaggo, ba za ta ba.

Ki bi ta Girka, don ta wancan gefen babu mai buɗe miki jaka ya ƙwace kwalba. Daga can ki shiga jirgin ruwa zuwa Italiya, kada ki kama ɗaki, ki shimfiɗa a fili a saman jirgi kamar kowa. Bas mai tsaye-tsaye ya fi arha, kuma tsakiyar mako ya fi. Kuɗinki ki raba wuri uku, ɗaya a inda ba zan faɗa ba saboda kunya.

Ki riƙa sauka a masaukin matafiya, irin mai gado takwas a ɗaki guda, amma sai wanda ke da kicin. A kowane akwai kantar kyauta, inda masu tafiya ke barin taliya da mai da albasa. Ki ci ba kunya, ke ma ki bar wani abu. Kasuwa kuwa ki je dab da tashi, lokacin da mai tumatir ya gaji da tumatirinsa.

Na zana miki saniya a kati, na rubuta "madara" da harshe biyar a ƙasanta. Ki nuna wa tsofaffi, su suka san inda ake tatsa.

Ki kula da gwiwarki.
Naki, Tiho

Ancona, 29 ga Mayu

Ɗana Tihomir,

Bayan gaisuwa, ina lafiya, kwalba ma tana lafiya. Tukunyar na bar ta, amma ban yafe maka ba.

Na taɓa ganin teku sau ɗaya, shekarar da masaƙar da nake aiki ta kai mu hutu Burgas, amma daga gaɓa na gan shi, ƙafata a ƙasa. Shekaranjiya da safe na buɗe ido a saman jirgi, na duba gabas ruwa, yamma ruwa, ko tsinin dutse guda babu. Tiho, ni da na tashi a kwarin da rana ba ta leƙo mu sai ƙarfe tara! Nan ga ta tana fitowa daga cikin ruwan kanta, ja wur, babu abin da ya tare ta. Na yi alamar gicciye, na rasa addu'ar da ta dace, sai kawai na tsaya baki buɗe. Wasu manyan kifaye suka yi ta tsalle suna raka mu. Ashe duk shekarun nan da nake wanke tukwane ana yin wannan kowace safiya, ba wanda ya gaya mini.

Sabuntawar farko a Yanina na yi, a Girka, da madarar akuya. Matar da ta ba ni aron tukunya ta dage da hannu da ido wai su suka ƙirƙiro kindirmo. Na ƙyale ta, tunda a kicin ɗinta nake. Da ta ɗanɗana nawa sai ta ɗauko ƙaramin kofi ta miƙo in ɗebar mata.

A nan Italiya kuwa katinka na nuna wa wani tsoho, ya ja ni har bakin titi ya nuna mini inji. Ka saka kwabo, ka tara kwalba, madarar da aka tatso da safe ta zubo. Sai da na zagaya bayansa in ga ko akwai mutum a ciki. Na dafa ta a masauki, na bari ta huce har ɗan ƙaramin yatsana ya iya zama a ciki, na zuba iri, na naɗe da rigar sanyina. 'Yan ɗakinmu sun zaci jariri na kwantar, suna ta tafiya a kan yatsu.

Ka gaida babanka, ka ce ban mutu ba.
Gwaggonka, Zlatka

Gindin duwatsun Pirine, 17 ga Yuni

Tihomir,

Ina gaishe ka. An cinye irin.

Jiya na iso masaukin nan na kusa da iyakar Sifen a gajiye, na sa kwalba a kantar ƙasa ta firij, don nan ya fi sanyi, kowace mace ta san haka. Da safe na sauko na tarar da ita a kife, an wanke ta fes. Wasu 'yan mata biyu 'yan Ajantina na zaune suna lasar cokali, har suna ɗaga mini yatsa wai ya yi daɗi.

Mai shara a nan 'yar Makedoniya ce, Bilyana, muna jin maganar juna. Ta ce, "Wayyo Iya, ai kantar kyauta ce wannan! Ba ki ga takardar ba?"

Na ce, "Na ga takarda. Da wane idon zan karanta ta?"

Ta juya ta gaya musu abin da suka ci. Ƙaramar ta sa hannu a baki, babbar ta fashe da kuka. Ni na rarrashe su, ka ji. Me zan ce wa yaran da yunwa ta kai su inda aka rubuta a ci? Abin da kakata ta riƙe cikin yaƙi biyu ya tafi da burodi da zuma.

Ina ninke kayana sai na ga ƙyallen da nake ɗaure bakin kwalbar da shi, yana aljihun jaka, tsakiyarsa ta bushe da kindirmo ta yi tauri. Mahaifiyata ta taɓa cewa ana iya tayar da iri daga irin wannan. Ban taɓa ganin an yi ba.

Bilyana ta ce madarar kirki sai a sama wurin makiyayi. Muka hau da 'yan matan, su ɗauke da jakata. Awa uku. Ka san mu ma muna da duwatsu, amma namu masu doron nan ne da itatuwa suka rufe. Waɗannan tsirara suke, farin ƙanƙara a kansu cikin Yuni. Da muka kai sai na ga girgije a ƙarƙashin ƙafata, tumaki na kiwo a samansa, wata ungulu mai fiffiken da ya fi tsawona ta wuce mu ko kaɗa shi ba ta yi. Zuciyata a karye take, amma sai da na ce, Ubangiji, kai ka yi wannan? Kunya ta kama ni, wai ina kukan cokali guda a gaban wannan duka. Sannan na ci gaba da kukana.

Na jiƙa ƙyallen a madarar tumaki mai ɗumi, na naɗe. Sai gobe.

Ka yi mana addu'a.
Zlatka

Plovdiv, 17 ga Yuni

Gwaggo,

Ina gaisuwa, kuma ki gafarce ni. Na gaya miki a ci daga kantar, ban gaya miki yadda ake gane ta ba. Laifina ne.

Ki saurare ni kafin ki yi faɗa. In bai tashi ba, zan sayi kindirmo mai kyau a nan, na wani makiyayi da na sani, in hau jirgi in same ki a Sifen. Momchil da kansa ya ce ya manta ɗanɗanon. Wa zai sani?

Kada ki juyo gida ke kaɗai da baƙin ciki. Ki rubuto da wuri.
Tiho

Burgos, 25 ga Yuni

Ɗana Tihomir,

Gaisuwa, kuma ka ajiye kuɗin jirginka. Ban ratso teku don in kai wa ɗana kindirmon wani ba.

Ya tashi! Ranar farko ruwa-ruwa ne, sai ɗan ƙamshi. Na ɗebi cokali daga ciki na sake. Na biyu ya ɗan kama. Na uku na tsayar da cokali a tsakiya, ya tsaya. 'Yan matan nan suka yi ta ihu har mai masauki ya fito. Kwana huɗu suka fasa tafiyarsu suka zauna da ni, kuma yanzu sunana na jikin kwalbar da harshe uku, da manyan haruffa.

Nan Sifen ƙasar shimfiɗe take, alkama har iyakar gani, bas ya yi awa biyu bai yi kwana ba. A kan kowace coci akwai sheƙar shamuwa, irin tamu sak, suna kaɗa baki yadda suke yi a kan turken wutar ƙauyenmu. Ni da jaka da kati da ciwon gwiwa, su kuma duk shekara suna ratsa duniya ba ko ɗaya. Yanzu na san nisan da yaron nan ya yi. Da na sani, da ban riƙa yi masa gorin rashin zuwa ba.

Saura bas biyu.
Gwaggonka, Zlatka

Viana, 2 ga Yuli

Tiho,

Ina gaishe ka daga inda ƙasa ta ƙare. Daga tagar Momchil sai teku.

Jiya na dafa madara a kicin ɗin matarsa. Yau da safe, kafin kowa ya tashi, na buɗe na ɗanɗana a natse, karo na farko tun daga dutsen nan da ba gudu nake ba. Tiho, ba shi ba ne. Yana da rai, yana da daɗi, amma ɗan cizon nan da yake yi a ƙarshen harshe ya tafi. Ko madarar ƙasa biyar ce, ko ƙyallen ne bai riƙe duka ba, ban sani ba.

Na zuba masa. Ya ci cokali ɗaya a tsaye, ya ajiye, ya fita baranda ya juya mana baya. Da ya dawo idonsa ja, ya ce, "Shi ne, Inna. Wallahi shi ne, ko kaɗan bai canza ba." Ya ɗora 'yarsa a cinya yana ba ta a baki, yana ce mata wannan na kakar kakarki ne.

Na ce masa, "Ci, akwai ƙari."

Ni kaɗai na rage a duniya da na san yadda yake a da. Yanzu kai ma ka san abin da na sani. Ka riƙe bakinka.

Allah ya yi maka albarka.
Gwaggonka, Zlatka