Kaskon Wuta a Rumfar Yaya Salihatu

Kontagora, ranar Litinin

Yaya Salihatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kin isa Salka lafiya. Ya jikin Ruka mai jego, da jaririya? Allah Ya raya mana ita.

Yaya, ba na son ɗaga miki hankali kina tsakiyar hidimar jego, amma amanar wurin abincinki kika bar mini, ɓoye miki ba zai yiwu ba. Kwana biyu da tafiyarki mai gidan da muke haya ya karɓe ɗakin da mutane ke cin abinci, wai doya zai zuba. Rumfar waje kawai ta rage mana, da benci huɗu. Ga sanyin bana kuma. Kafin mutum ya kai loma ta uku sakwara ta huce, man ja ya daskare a bakin kwano. Direbobin Mashegu da kika shekara tara kina ciyarwa sai su gaishe ni daga nesa, hannu cikin aljihu, su shige ɗakin Magdalena mai abinci ta tsallaken titi. Ban ga laifinsu ba, ɗakinta da ƙofa.

Na ɗaura tabarmi ta inda iska ke shigowa, iskar ta kwashe su. Gobe zan fito da kaskon wutar Inna in ajiye tsakanin bencin, ko Allah zai sa a dace.

Ki gaishe da surukanmu.

Ƙanwarki,
Bashira

Kontagora, ranar Asabar

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ɗawainiya, ya sanyin can? Mu nan lafiya lau, sai dai kaina ya ɗaure.

Kasko ya yi aiki, har ya wuce gona. Tun bayan asuba bencin nan cike yake, babu wurin sa ƙafa. To amma ba masu cin abinci ba ne, masu jin ɗumi ne. 'Yan acaba, masu dako, da wani dattijo Jumare, dillalin shanu daga Bobi, wanda ke zama har hantsi yana ba da labarin bijimin da ya taɓa korar sa. Abin da ya fi ruɗa ni, wasu a wurin Magdalena suke sayen abincin, su tsallako da kwano su ci a gaban wutarmu. Jiya har na wanke kwanukanta uku ban sani ba. Direbobinki biyu sun leƙo, ba su sami wurin zama ba, suka juya.

Na yi niyyar in tashe su, sai na fasa. Kin tuna tun a makarantar allo aka gaya mana ba a hana mutum wuta, ba a hana shi ruwa. Inna ko maƙiyinta ya zo ɗiban garwashi ba ta taɓa mayar da shi ba. Yaya zan ce wa dattijo ya tashi don bai sayi sakwara ba? Na je wurin Malam Sirajuddeen, ya ce hana wuta ba shi da kyau, sakaci da amana ma ba shi da kyau, sai ya shiga tambayar jikin Ruka. Na dawo da ruɗun da ya fi wanda na je da shi.

Ki gaya mini abin da zan yi, ko ta bakin mai mota ne.

Taki,
Bashira

Kontagora, ranar Laraba

Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gajiya, ya jaririya? Saƙonki ya iso tun makon jiya, cewa in kashe wutar kowa ya kama gabansa.

Na bi umarninki kwana ɗaya, ki yafe mini. Ranar ban hura ba. Jumare ya zo ya zauna, ya miƙa hannuwansa kan kaskon da babu komai sai toka, ya daɗe a haka. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Washegari na hura.

Sai dai don kada gawayinki ya ƙone a banza, na ɗora tukunyar ɗumamen tuwon jiya a kai, wanda za mu karya da shi a gida. Da tururi ya tashi, wani mai dako ya tambaya ko na sayarwa ne. Kafin in gama tunanin amsa an miƙo mini kwano huɗu, biyu ma na Magdalena ne. Yanzu kullum da yamma ina tuƙa tuwo musamman don ya kwana, ga kunun tsamiya a gefe, kafin rana ta ɗaga komai ya ƙare. Magdalena ta tsallako neman kwanukanta, ta ce ita shekara ashirin tana sana'a ba ta taɓa ganin mai sayar da tuwon jiya da gangan ba, ta zauna ta ci malmala biyu.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Wutar nan kyauta nake bayarwa, ko tarko na ɗana da ita? Ban sani ba. Sannan bencin ya cika, amma ba da mutanenki ba. Sakwararki har yanzu ba mai tambaya, turmi yana kife. Kuma na ji 'yan acaba suna kwatance da wurin Bashira mai ɗumame. Na gyara musu sau uku cewa wurin Salihatu ne, suna ta ba ni haƙuri kamar wani laifi suka yi mini.

Yaya, ban san ko na riƙe miki wurinki ba ne, ko na cinye shi. Tunda ranar Juma'a za ki dawo, ki biyo motar farko, ki sauka a rumfa kafin ki je gida. Zan tsayar da ke gabansu in gaya musu sunanki ɗaya bayan ɗaya. Abin da kika yanke daga nan, ni mai bi ce. Roƙona ɗaya, in kashe wutar za a yi, ki bari sai dattijon ya tashi.

Ki gaishe da Ruka da kowa da kowa.

Ƙanwarki mai jiran ki,
Bashira