Taliyar da Ba Ke Kika Zaɓa Ba

Ya Nermin, sanyin idanuna, iskar teku mai shigowa ta tagata da la'asar, furen lemon da ƙamshinsa ya hana ni sukuni,

Ga ni ina rubuto miki. Yayanki Hazim ya kira ni da safe, murya a bushe, ya ce ranar Juma'a bayan masallaci zai dawo mini da zoben baikonmu. Zoben da na sa miki a hannun dama da kaina, ina ɗokin ranar ɗaurin aure da zai koma hagu! Wayyo Nermin, ashe farantin taliya ɗaya zai iya raba ni da ke?

Na kai ki gidan abincin Zanetti ne don ban san wurin da ya fi shi daraja a duk birnin Iskandariya ba. Kin shigo cikin shuɗiyar riga, kina dariyar tsofaffin hotunan kakannin Madam Klara, mai gidan, kina cewa duk gashin bakinsu ɗaya. Wallahi a daren nan fitilun kan tebur ma kunyar fuskarki suka ji. Abin da ban gaya miki ba shi ne, a gidan nan ba a miƙa wa tsohon baƙo takardar abinci, kuma ba a tambayarsa. Sun san teburinsa, sun san cikinsa. Shi ya sa Baba Girgis, tsohon da ke hidima a wurin tun ina saurayi, ya kai mu kusurwar da na saba, ya dawo da faranti biyu, ya ajiye naki yana cewa, "Taliya da jatan lande, ba tafarnuwa, yadda Madam take so."

Madam ɗin da yake nufi Suhair ce, matata da ta rasu. Sai da ya ɗago ya dube ki sosai, tawul ya zame daga hannunsa. "Ki yafe wa tsoho, 'yata," in ji shi.

Ni kuwa me na yi? Na ɗauki cokali! Na sunkuyar da kai kamar yaron da ya fasa tulu, ina addu'ar abin ya wuce da kansa. Ke ce kika rufa wa tsohon asiri. Kika cinye tas, loma bayan loma, kina murmushi, idonki bai sauka a kaina ko sau ɗaya ba. Ban taɓa jin tsoron murmushi ba sai a ranar. A mota, muna bin bakin teku, kika ce, "Ra'uf, kujerar wata ka zaunar da ni, ni kuwa ba gadin kujera na zo yi ba." Tun daga nan wayarki ba ta amsa mini.

Ba zan yi miki ƙarya in ce na manta da Suhair ba. Ina yi mata addu'a, kuma zan ci gaba. Amma ke, ruwan farko bayan dogon fari, ke ce kika sa na sake buɗe labulen gidana. Wa zan kira in jirgin ruwa ya yi kuka da asuba? Wa zai yi mini tsiyar hulata? Ina sonki, ina kuma jin tsoro, tsoron da ban ji irinsa ba tun a ƙofar asibiti ranar da Suhair ta rasu.

Jiya na koma can. Madam Klara ta tare ni a ƙofa, ta ce, "Kai dai sakarai ne, ɗana, ka tsufa ba ka yi wayo ba." Na roƙe ta wani teburi daban ranar Alhamis da yamma. Baba Girgis ya matso, idonsa jajir, ya ce yana so ya gyara kuskurensa, in gaya masa abin da yarinyar take so ya sa a tanada.

A nan na gane laifina, Nermin. Na san launin da kike so, na san sautin takunki a matakala, amma ban san abin da kike son ci ba, don ban taɓa tambayarki ba.

Ki zo ranar Alhamis, kafin Hazim ya ɗauki zoben. Ki zo ko da fushinki ne, ki gaya mini.

Naki shi kaɗai, ko kin zo ko ba ki zo ba, har ƙasa ta rufe idona,
Ra'uf