Ni Na Haife Ta, Amma Yayata Take Kira Mami

Assalamu alaikum Goggo Dija. Don Allah ki taimake ni da shawara. Abin da ke cin raina ko mijina na kasa faɗa wa, don abin kunya ne: kishin yayata nake yi, uwa ɗaya uba ɗaya, a kan 'yar da na haifa da cikina.

Atamfa nake sayarwa a Roumdé Adjia, nan Garoua. Yayata Luba ta auri wani mai fataucin shanu a Bamenda, Allah bai ba ta haihuwa ba. Da na yaye 'yata ta biyu, Fauziya, na ba ta riƙo da hannuna, ba wanda ya tilasta ni. Can ta tashi, can ta yi makarantar Ingilishi. Da rikicin yankin ya yi tsanani suka koma Yaoundé, suka takura a ɗaki ɗaya, sai Luba ta maido mini ita. Yanzu shekararta sha biyar.

Goggo, baƙuwa aka kawo mini. Ladabi kam tana da shi, amma Hausarta a daddafe take, Fulatanci kuwa ko gaisuwa ba ta iya ba. Ni tana ce mini Inna, ta durƙusa, ta tashi, shi ke nan. Amma da zarar Luba ta kira waya, sai ki ji "Mami" da wata irin murya, sai dariya, sai Ingilishi ratata kamar an ɓalle famfo. Ina tsaye da muciya a hannu, ban san me ake wa dariyar ba.

Na ce ba zan zauna a bayan ƙofa a gidana ba. Na samu maƙwabciyarmu Madam Simone, malama ce a lise, wato babbar sakandare, tana koya mini Ingilishi bayan la'asar. Ni da na yi Faransanci har aji uku na sakandare, na ɗauka abin wasa ne. Kalmomin kam na haddace su, amma jera su ne ya gagare ni. In ce wait me, wato jira ni, a ce sai na sa for a tsakani. In ce I have forty years, kamar yadda muke cewa ina da shekara arba'in, a ce wai I am forty ake cewa, kamar ni ce arba'in ɗin. Ran nan raina ya ɓaci, ina yi wa Fauziya faɗa a kan wanke-wanke, na ce mata listen me, wato saurare ni. Ta sunkuyar da kai, a hankali ta ce wai listen to me ne daidai. Faɗan ya mutu a bakina. Uwa tana faɗa, 'ya tana gyara mata! Luba kuwa ko firamare ba ta gama ba, amma waɗannan ƙananan kalmomin suna fito mata kamar numfashi.

Abin da ya karya ni shi ne bikin makon harsuna biyu, Faransanci da Ingilishi, na makarantarsu. Aka zaɓi Fauziya ta karanta rubutunta gaban iyaye. Na ci kwalliya, na zauna a layin gaba. Na riƙa tsintar mother, wato uwa, na tsinci look, wato duba, har ta ɗago ta kalli wajena. Na yi ta tafi, ƙwalla ta cika mini ido. A hanyar gida na tambayi Madam Simone abin da Fauziya ta faɗa a kaina. Ta ce look at kallo ne, look for nema ne, amma abin da yarinyar ta riƙa maimaitawa look after ne, wato raino. Rubutun na matar da ta raine ta ne. Ashe Luba na yi wa tafi har hannuna ya yi ja.

Tun ranar na ɗauke wayar Fauziya, na ce tana hana ta karatu. Yanzu kuma Luba ta aiko, sun samu gida mai faɗi, tana roƙon a mayar mata da yarinyar ta ƙarasa sakandare a can. Mijina ya ce ni zan yanke. Fauziya kuwa ta rage cin abinci. In na hana, ban sani ba ko don amfaninta ne ko don kishina. In na bari, na rasa ta karo na biyu. Yaya zan yi?

Uwar Baƙuwa, daga Garoua

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kishin nan ba abin kunya ba ne, son 'yarki ne ya rasa ƙofar fita. Amma ki mayar mata da wayarta yau. Raba ta da muryar da ta saba ji tun daga yaye ba zai tura ta jikinki ba, ɗakinta zai tura ta.

Ki yi wa Luba adalci. Amana kika ba ta, ta riƙe, har ta fito da yarinya lafiya daga cikin tashin hankali. 'Yar da ta tsaya gaban jama'a ta gode wa mai rainonta, 'yar halak ce, kuma irin wannan zuciyar ba ta cika da mutum ɗaya. Ke ma kina da gaskiyarki: gyara wa uwa magana a tsakiyar faɗa ba daidai ba ne. Ki gaya mata haka cikin sanyi, da Hausa.

Batun Ingilishi kuwa, ba kanki ne da tauri ba. Kina sayen kalmomi ɗaiɗai ne, alhali a ƙulle ake sayar da su. Ki duba namu: cin kasuwa, cin amana, cin gaba, wanne ne ake taunawa? Baƙo ya tambaye ki dalili, ba ki da amsa, haka kika taras. To su ma haka ne. Ki haddace wait for, listen to, look after kowanne a matsayin abu guda, ki daina auna su da Faransanci. Luba ba ta fi ki basira ba, zama ta yi cikin masu harshen. Kin kuma taɓa tunanin yadda Fauziya ke ji in yaran unguwa suka yi wa Hausarta dariya? Abin da ke hana ki magana da ita, shi ke hana ta magana da ke. Ki riƙa tafiya da ita shago ran Asabar, ta gyara miki Ingilishi da izininki, ke ki koya mata ciniki da Hausa da Fulatanci. Ku yi kuskurenku tare, ku yi dariyarku.

Makaranta kuma kada ki yanke da zuciyar da kike ciki yanzu. Ki bari ta ƙare wannan shekarar a gabanki. Ke da mahaifinta ku bincika wace makarantar ta fi, ku tambaye ta abin da take so, kuma ki shirya jin amsar da ba za ta yi miki daɗi ba. Ki kira Luba da kanki, ba ta bakin ɗan aike ba, ki faɗa mata kina jin an bar ki a waje. Ta san zafin rabuwa da yarinyar nan fiye da kowa, ba mamaki ita ma kishinki take yi. In tafiyar ce ta fi alheri, ki raka Fauziya tashar mota da fuska a sake, hutu kuma duk a Garoua. 'Yar da aka sallama da albarka da ƙafarta take dawowa.

Allah ya raya miki Fauziya, ya bar zumunci tsakaninki da yayarki, ya sanyaya miki zuciya.

Goggo Dija