Ɗaki Mai Lamba Saba'in da Takwas

São Paulo, 3 ga Mayu

Zuwa ga uwargidana Lindalva,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da fatan ƙafar Inna da kike jinya ta yi sauƙi. Ina sanar da ke cewa wasiƙar nan da hannuna na rubuta ta. Wata bakwai ke nan ina zuwa makarantar manya, kuma malamarmu ta shaida a gaban aji cewa babu mai jan layi ya miƙe kamar ni.

Ɗanmu Edivan zai zauna jarrabawar lasisi ranar ashirin ga wata. Aikin da yake nema shi ne ya binciki kamfani, ya rubuta wa masu hannun jari ko su saya, ko su riƙe, ko su sayar. Amma in babu lasisi, ba a sa sunan mutum a ƙasan rahoto. Kin san bara ya faɗi. Shugabarsa ta ce in ya sake faɗuwa, wani za a ba kujerar.

Saboda haka na ɗauki nauyin karatunsa. Kowace Lahadi yakan same ni a ɗakin gadi na benen da nake aiki da katunan tambayoyi, ina karantawa yana amsawa. Yakan ce, "Baba, kafin ka ƙare tambaya ɗaya ai an tashi kasuwa!" Ba na kula shi. Cícero mai shara ya koma kirana Farfesa. Na san tsokana ce, amma ina amsawa.

Ki aiko masa da mazarƙwaila, ya rame.

Mijinki,
Genivaldo

São Paulo, 21 ga Mayu

Zuwa ga uwargidana Lindalva,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Inna. Ki zauna kafin ki sa a karanta miki wannan.

Jiya da rana Edivan ya turo hoton takarda a wayata, ba tare da ko kalma ɗaya ba. Na kira shi, bai ɗauka ba. Na karanta sunansa, a ƙasa an rubuta APTO, sai lamba 78. Shekara goma sha tara ina raba wasiƙu a benen nan, kuma wannan kalma na san ta tun kafin in iya karanta sunana: tana kan kowane ambulan, ma'anarta ɗaki. Na yanke hukunci cewa an kai sakamakon yaron ɗaki na 78 bisa kuskure. Cícero ya ce, "Farfesa, ka tabbata?" Na ce ya kama tsintsiyarsa.

Na gyara hula, na hau ɗaki na 78, na ƙwanƙwasa wa Dona Odete, tsohuwar nan mai karnuka biyu, na nemi takardar ɗana cikin ladabi. Ta sa tabarau, ta duba wayar, ta yi ta dariya har da riƙe ƙofa. Ta ce, "Seu Genivaldo, kai da iliminka! A kan ambulan gajarta kalmar ɗaki ake yi. A nan kuwa nufinta ya cancanta. Saba'in da takwas ɗin makinsa ne. Yaronka ya ci!"

Lindalva, ban san lokacin da na zauna a kujerarta ba, abin da ban taɓa yi a ɗakin kowa ba. Idona ya kawo ruwa, amma ina ganin gashin karnukan ne. Ta haɗa mini kofi da hannunta.

Da yamma ya iso, ya rungume ni a gaban mutanen bene. Ya ce da gangan ya turo hoton shiru, don yana so in zama na farko da zai karanta da kansa. Na gaya masa na karanta kowane harafi daidai. Laifin na wanda ya ba kalma ɗaya aiki biyu ne, kuma zan kai maganar gaban malamarmu.

Wata mai zuwa rahotonsa na farko zai fito da sunansa a ƙasa. Ki gaya wa Inna, gidan da aka san mu da dangwala yatsa, yanzu mutum biyu ke sa hannu.

Mijinki mai ƙaunarki,
Genivaldo Bezerra de Lima